Kurakuran da aka fi yi wajen tare zaizayar gaɓar rafi a Kumasi

Duk inda rafin Aboabo ko Subin ya yi kwana, gaɓar waje ce ke shan wahala, kuma daga gindi ruwa ke fara cinta. Sai ya rarake ƙarƙashi sannan sama ta rufta. Rashin lura da haka ne ke cinye kuɗin mutane: a tayar da katangar bulo a bakin gaɓa, harsashinta kan yashi, ruwan Yuni ya bi ta ƙarƙashi, a wayi gari ta kife. Aikin daga ƙasa ake fara shi. A haƙa rami a gindin gaɓar har ya zarce zurfin da ruwa ke ƙwaƙulewa, a cika shi da manyan duwatsu, sannan a kwantar da gaɓar: kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 2 a kwance. Bakunan aikin biyu a cusa su cikin gaɓa, in ba haka ba ruwa ya zagaya ta baya.

Kwandunan waya da ake cika da duwatsu a jera su a gaɓa ma ana ɓata su. Idan idon ragar santimita 8 da 10 ne, dutsen ya zama na 10 zuwa 20, fasasshe mai kaifi, don ƙanana zubewa suke yi. A shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa a bayan kwandon, domin ruwa ya wuce ya bar ƙasa. A rafi mai ƙazanta kuwa, waya mai rufin roba ce ke daɗewa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne jeren duwatsun da ake miƙawa cikin rafi don kawar da ƙarfin ruwa. Yawanci sai a karkata shi inda ruwa ya nufa, wai kada a yi jayayya da shi. Alhali ruwan da ya haura jeren yana faɗowa ne a gicciye da jeren, don haka kai-tsaye zai daki gaɓar da ake son karewa. Kan jeren ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya buɗe daga gaɓa da digiri 20 zuwa 30, ya yi tudu a jikin gaɓa yana gangarawa har ƙasan rafi. Kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na faɗin rafin. Wanda ya zarce haka, gaɓar maƙwabcinsa na tsallake ya tura wa ruwan.

Jibga shara a gaɓa ba ya tare komai, kashe ciyawa yake yi. Ɗibar yashi kusa da aikin kuwa zurfafa rafin take yi har harsashi ya tsiraita.

A yi aikin dutse da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu. Da ruwan fari ya sauka a dasa ciyawar jema saman duwatsun, layi-layi, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, a kuma hana awaki zuwa wurin har saiwa ta kama.