Yadda Ake Tara Sahihan Bayanan Lafiya Domin Marasa Lafiya

Malamin asibiti a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ba ya rasa abin karantawa, abin da zai miƙa wa mara lafiya hankalinsa kwance shi ne ke wuya. Takardun hukuma da Faransanci suke zuwa, mai jinya kuma Hausa ko Fillanci take ji, ga saƙonnin WhatsApp da suka riga ka isa gidanta. Ga yadda ake haɗa abin da za a dogara da shi.

A fara da tambayoyin da mutane ke yi a bakin ƙofar ɗakin duba marasa lafiya. A ware littafi, a yi mako biyu ana rubuta su. Za a ga 'yan kaɗan ne ke ta maimaituwa: zazzaɓin cizon sauro, gudawar yara, rigakafi, awon ciki, hawan jini. Waɗannan kawai za a nema wa amsa tukuna.

Wajen nema, gida ake fara dubawa. Jagororin Ma'aikatar Lafiya ta Yawunde, da na shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, da jadawalin rigakafi, duk ta ofishin gundumar lafiya suke sauka, can za a nemi sabon bugu. Bayan su sai shafukan Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, sai jagoran jinya na ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda ke intanet kyauta da Faransanci. Idan aka sami saɓani tsakanin na waje da na ƙasa, na ƙasa ake bi, domin shi ya dace da maganin da ke cikin kantin asibiti.

Kowace takarda sai ta amsa tambaya uku kafin ta shiga jakar da ake tara bayanan: wa ya rubuta ta, yaushe, kuma don wace ƙasa? Wadda ba suna ba kwanan wata a ajiye ta gefe, ko da tana ɗauke da tambarin hukuma, don kwafe tambari ba wuya. Wadda ta ƙare da lambar wayar mai sayar da magani talla ce. Tsufa ma illa ne: duk takardar da har yanzu ke cewa a sha kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro ta tsufa, an daɗe da barinsa saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa.

Tambaya ta ukun ce aka fi tuntuɓe da ita a nan arewa. Yawancin abin da ake samu da Hausa daga Najeriya ko Nijar ya fito, gaskiya ne a can, amma ba lalle ya dace da mu ba. Dubi rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kamaru ta sanya shi cikin rigakafin yara a watan Janairun 2024, ana yi wa yaro a wata 6, 7, 9 da 24. Najeriya wani nau'in take amfani da shi, kuma daga wata 5 take farawa. Uwar da ta ji bayanin Kano a rediyo za ta kawo ɗanta kafin lokaci, a mai da ita gida, wataƙila ba za ta sake dawowa ba. Saboda haka a ari kalmomin Hausar daga can in sun yi daɗi, amma watanni da adadin magani a ɗauko su daga takardar ƙasa.

Sai mayar da bayanin bakin mutane. Saƙo ɗaya, magana ɗaya, kada ya wuce jimla biyar, kuma ya faɗi abin da za a yi da hannu. Ruwan gishiri da sukari na leda, na gudawar yara, ya isa misali. Ana zuba leda ɗaya cikin lita ɗaya na tsabtataccen ruwa, amma a duba jikin ledar, domin akwai ta rabin lita. Kalmar lita kaɗai ba ta wadatar ba, tunda babbar gorar ruwan kanti galibi lita ɗaya da rabi ce. A ajiye gora a kan tebur, a ja mata layi, a nuna. In ruwan ya yi kaɗan gishiri zai yi yawa ya cutar da yaron, in ya yi yawa maganin ya salance. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A kuma ba yaron maganin zink kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20, ko 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba, ko da gudawar ta tsaya. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina: na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na kwana biyun da suka biyo baya a hannun uwa yake, kuma nan ake yawan mantawa.

Kafin a yaɗa, a ba likita ko babban nas ya duba lambobin, sannan a gwada a kan mutum uku ko huɗu. Kada a ce "kin gane?", kunya za ta sa ta ce e. A ce: "Inna, in kin koma gida yaya za ki haɗa shi? Nuna mini." Inda ta yi kuskure, nan saƙon yake da gyara.

Tunda da yawa ba sa karatun boko, a naɗi saƙon da murya, minti ɗaya, a fara da sunan asibiti da watan da aka naɗa, a tura wa ma'aikatan lafiya na unguwanni. Kada a sa suna ko hoton wani mara lafiya a ciki.

Mutum ɗaya za a ɗora wa kula da jakar. Duk wata shida ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya kuma riƙa leƙa sanarwar jabun magunguna ta Hukumar Lafiya ta Duniya, irin wadda ta fitar a 2023 kan wani gurɓataccen maganin tari na yara da aka samu a Kamaru. In jagora ya canza, a cire tsohuwar takarda daga bango a ranar, a kuma aika sabuwar murya da ke cewa ta soke ta baya.