Darasi na 7: Gugar ƙyallayen haɗi, da tururi ko a bushe?

'Yan uwa mata, yau maganar guga za mu yi, don da yawan masu haɗa ƙyallaye su ɗinka zanin gado ko abin rufa, ba a kan keke aikinsu ke lalacewa ba, a wajen guga ne.

Kafin ki sa almakashi, nan ne tururi ke da rana. Ragowar atamfar da kika samo wajen teloli a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi ai a cukuikuye take zuwa cikin leda, to ki fara wanke ta, saboda auduga tana tsukewa in ta sha ruwa da zafi, gara ta tsuke yanzu da ta tsuke bayan kin gama ɗinki, kuma a wankin ne za ki gane mai zuba ki ware ta. Sai ki goge da tururi har ta kwanta sumul. In dutsen gawayi gare ki ba komai, ki yayyafa ruwa da hannu, musamman da hunturu da kaya ke bushewa ƙayau.

Amma da zarar kin yanka kin fara haɗawa, don Allah ki kashe tururin. Ƙyalle mai laima miƙewa yake yi, ballantana wanda aka yanka a karkace kamar mai kusurwa uku, kina jan dutse a kai gefe ɗaya zai fi ɗan uwansa tsawo, ki zo haɗawa baki ya ƙi haɗuwa da baki, ki yi ta zargin keke alhali ba ruwansa. Kuma nan ba irin gugar kayan maigida ba ce da ake kai da komowa. Ɗora dutsen, danna, ɗaga, ki matsa gaba. Ki fara danna ɗinkin a rufe yadda ya fito daga keke, sannan ki buɗe ki kwantar da bakin ɗinkin ta ɓangaren ƙyalle mai duhu don kar ya nuna ta cikin fari.

Ki duba ɗigon da ke jikin dutsen lantarki. Ɗigo uku na auduga ne, zafinsa ya kai digiri 200, biyu 150, ɗaya 110 na masu roba-roba, su kam da zafi ya yi yawa sai su narke su manne a dutse. Na gawayi ba shi da ɗigo, sai ki gwada kan wani guntun da ba kya so, ki share tokar da ke gindinsa. Ni ban so a zuba ruwan rijiya a dutsen tururi, yana tara dauɗa ya tofo tsatsa kan farin yadi.

Aikin gida: ki yanka ƙyalle biyu daidai da juna, inci 4 kowane gefe, ki ja dutse da tururi a kan ɗaya, ɗayan ki danna a bushe, ki auna su da tef ki rubuta lambar a littafinki ki kawo wa malama.