Yadda ake tsara sadarwa da jama'a kafin annoba ta ɓarke

A farkon watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Ebola ta shigo Legas, wani saƙon waya ya zaga Najeriya a dare ɗaya: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, shi ne kariya. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. Ita kanta Ebola mutum 20 ta kama, ta kashe takwas, kuma ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, amma maganar gishiri ta shiga har ƙauyukan Arewa. Jita-jita ta fi ƙwayar cuta gudu, don haka shirin sadarwa na ƙasa tun ana zaune lafiya ake rubuta shi, da sunayen mutane da lambobin waya da sa'o'i.

Wa zai yi magana, wa zai sa hannu

A Najeriya hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ce ke jan ragamar yaƙi da annoba, bisa dokar da aka sa wa hannu a 2018, amma lafiya aikin matakai uku ne: tarayya, jihohi 36 da Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Nan ake fara samun baki biyu. Kwamishina ya faɗi adadi da safe, Abuja ta faɗi wani da yamma, jama'a su yanke hukuncin cewa ana ɓoye wani abu.

Ya kamata shirin ya ambaci kakaki ɗaya da mataimaka biyu a matakin ƙasa, haka ma a kowace jiha. Kada sanarwa ta buƙaci sa hannu fiye da biyu, kuma a sa wa'adi, misali sa'a biyu. Wanda bai amsa ba a cikin wa'adin, an ɗauka ya amince. Alƙaluma su fito daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum. Shugaban sadarwa kuma ya zauna a cibiyar ayyukan gaggawa tare da masu sa ido kan cututtuka da masu ɗakin gwaji, ba a kira shi bayan an tashi taro a ce ya rubuta takarda ba.

Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun wajabta wa ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin sa'a 24 bayan ta tantance cewa lamarin babba ne. Bai kamata hedkwatar hukumar da ke Geneva ta riga 'yan ƙasa ji ba. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari ne suka fara ba da labarin yawan mace-mace a Kano, sai a watan Yuni ministan lafiya ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mutum 979 da aka ƙirga mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Tsakanin Afrilu da Yuni kowa da bayaninsa.

Sanarwar farko ba ta jiran sakamakon gwaji. Abu shida take ɗauka: abin da aka sani, abin da ba a kai ga sani ba tukuna, abin da hukuma ke yi, abin da mutum zai yi a gidansa, inda zai kira (layin NCDC na kyauta shi ne 6232), da lokacin da za a sake magana. Kada a ce "babu abin tsoro" ko "an shawo kan lamarin" alhali ba a tabbatar ba; idan gawa ta ƙaru gobe, kakakin ya zubar da ƙimarsa.

Rubuta saƙo tun kafin lokacinsa

Yawancin annobar ƙasar nan ba bazata ba ce. Sanƙarau na zuwa da rani, ya tsananta a Maris da Afrilu. Zazzaɓin Lassa ma da rani yake tashi. Kwalara kuwa damina take bi, musamman bayan ambaliya. Saboda haka a rubuta saƙon kowace cuta wata uku kafin lokacinta, a naɗi murya, a ajiye. Ranar da ta ɓulla sunan gari da na asibiti kawai za a cika.

A rubuta da Hausa kai tsaye, haka da Fulatanci da Kanuri da Yarbanci da Ibo da Tibi da Turancin buroka. Saƙon da aka rubuta da Turanci sannan aka juya shi yakan fito da kalmomin da ba mai faɗa a kasuwa. Ga tsangaya da zaurukan malamai a buga da ajami. Saƙon murya na daƙiƙa 30 zuwa 45 ya fi fosta tafiya, domin ana tura shi ta WhatsApp kuma wanda bai iya karatu ba yana ji.

Kowane saƙo kada ya wuce umarni uku, kuma ya zama abin da talaka zai iya. Cewa a wanke hannu a famfo ba shi da amfani a unguwar da 'yan garuwa ke kai wa ruwa. A ce buta da sabulu. A kan kwalara a faɗi ma'auni daidai: ƙunshin ORS (garin da ake jiƙa wa mai gudawa ya sha) ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, idan babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗayan, a fara ba mara lafiya tun a gida, a nufi asibiti ana ci gaba da ba shi. Wanda ya ce "ruwan gishiri da sukari" kawai bai faɗi ma'auni ba ya buɗe ƙofar cutarwa, musamman ga yara.

Kafin a watsa, a gwada saƙon a kan mutum 10 zuwa 15 irin waɗanda ake nufi, maza daban, mata daban. Kada a tambaye su ko sun gane, kunya za ta sa su ce eh. A ce su maimaita abin da za su yi idan yaro ya fara amai da gudawa cikin dare.

Mutanen da jama'a ke saurara

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa yana hana haihuwa. Zargin bai da tushe, amma rashin yardar na da shi: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Sai a Yulin 2004 Kano ta koma, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara al'amarin a hankali shi ne shigar sarakuna, musamman kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da kuma matan unguwa masu bin gida gida. A 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

To, a yi rajista tun yanzu, gunduma gunduma. Daga sarki zuwa hakimi, dagaci, mai unguwa da mai shela. Limaman Juma'a da fastoci. Ungozoma da malaman islamiyyar matan aure, domin namiji baƙo ba ya shiga gida, kuma uwa ce ke fara ganin yaro ba shi da lafiya. Masu kemis da wanzamai da masu maganin gargajiya, tunda wurinsu ake fara zuwa kafin asibiti. Wanda ya ware su ya rasa masu ba shi labari da wuri. Arɗo don rugage, alaramma don tsangaya, shugaban tasha don direbobi, shugabannin sansanonin 'yan gudun hijira. A sabunta lambobin wayarsu duk wata shida, don layi na mutuwa kuma ana naɗa sababbin masu unguwanni.

Yadda ake zuwa wurinsu ma na da ƙa'ida. Ba a aika wa hakimi takarda a ce ya karanta. Ana zuwa a yi gaisuwa, a yi bayani, a saurari tambayoyinsa. Bayanin da ake so ya shiga huɗuba ya isa hannun liman ranar Laraba, ba safiyar Juma'a ba, kuma a bar shi ya zaɓi ayarsa da hadisinsa.

Batun jana'iza a sasanta shi da malamai kafin a yi gawa ta farko. A Ebolar Afirka ta Yamma iyalai sun riƙa ɓoye gawa saboda ana binne musu 'yan uwa ba wanka ba salla, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a Nuwamban 2014 wadda ta tanadi taimama da likkafani da sallar gawa. Ya kamata shirin ƙasa ya rubuta wa zai yi wanka ko taimama, da wane kayan kariya, dangi nawa za su tsaya, a wace tazara.

Sauraro da jita-jita

Kowace ƙaramar hukuma ta riƙe littafin jita-jita: me aka ce, a ina, wa ya faɗa, ya yaɗu ko bai yaɗu ba. Majiyar ita ce masu bin gida gida, kiran da ke shigowa layin waya, shirye-shiryen rediyo na kiran waya, da Facebook. Lokacin annoba a tattara kullum, a kasa su uku. Wadda za ta iya kashe mutum, irin ta gishiri, a amsa cikin sa'o'i. Wadda ke hana zuwa asibiti ko karɓar rigakafi, cikin kwana ɗaya ko biyu. Sauran a sa musu ido kawai, domin ƙaryata ƙaramar magana a rediyo tallata ta ne. A wajen amsawa a fara da gaskiyar, kuma a ba wanda mutanen wurin suka yarda da shi ya faɗa. Kama mai yaɗa magana ba ya kashe ta, sai dai ya mayar da ita zaure.

Wani abin da ake kira jita-jita kuwa ƙorafi ne na gaskiya. Shekara da shekaru iyaye na tambaya me ya sa ake kawo ɗigon shan inna kyauta har gida, amma yaro na zazzaɓi sai an sayi magani. Ba waƙar rediyo ce ta amsa wannan ba, sansanonin duba marasa lafiya kyauta da aka haɗa da rigakafin ne suka amsa. Don haka rahoton sauraro ya riƙa hawa teburin cibiyar gaggawa kowace safiya, a rubuta wa zai gyara me. Idan an ce a kira layi ba a ɗauka, ko an je cibiyar kwalara an tarar ba ruwan ƙari, to a tsayar da sanarwar har a gyara.

Kuɗi, iyaka da atisaye

A ware wa sadarwa nata kason a kasafin gaggawa, a ƙulla yarjejeniya da gidajen rediyo kan farashi tun kafin buƙata, a kuma biya masu bin gida gida alawus ɗinsu a kan kari. Wadda ke bin bashin wata uku ba za ta fita rana ba. Jihohin iyaka su daidaita saƙo da maƙwabta, domin mutumin Jibiya na cin kasuwar Maraɗi, na Illela na kwana a Ƙonni, kuma rediyo ɗaya suke ji.

Nasara ba yawan fosta ko yawan sanarwa ba ce. A auna kwana nawa mara lafiya ke yi a gida kafin a kai shi asibiti, gida nawa suka ƙi rigakafi, gawa nawa aka binne ba a sanar ba. Sau ɗaya a shekara, kafin rani, a yi atisaye ba tare da sanar da rana ba: a saki labarin gwaji da ƙarfe takwas na safe, a duba agogo a ga ƙarfe nawa sanarwar farko ta fita, sannan a kira masu unguwanni 20 daga rajista a ƙirga nawa suka ɗauka.