Yadda Nake Dasa Kajiji a Bakin Fadama

Mata da yawa a Zariya sun san kajiji a kaskon turaren wuta, amma ƙalilan ne suka taɓa ganin sa ɗanye a tsaye. Ni kaina ban damu da shi ba sai da gaɓar lambuna, can kusa da kogin Galma, ta fara zaftarewa duk damina. Wani dattijo maƙwabcina ya dube ni ya ce, "Malam, ka nome ciyawar da ke riƙe ƙasar, me kake so ruwa ya yi?" Gaskiyarsa. Mu 'yan lambu mun kai garma har bakin ruwa saboda tumatir da rake, shi ya sa yanzu sai ka yi tafiya kafin ka ga kajiji.

Da farko ka tabbata shi ne. Kada ka kwaso aya-aya, wadda karanta ke da kusurwa uku, ta zame maka alaƙaƙai a gona. Karan kajiji zagayayye ne, babu ganye, yana iya wuce mita 1. Ka ja shi tsakanin yatsu biyu, za ka ji gaɓa-gaɓa daga ciki. Sannan ka kankare saiwar da farce ka shinshina. Ƙamshin nan ba ya ɓuya.

Da saiwa ake dasa shi. Ni nakan jira ruwa ya zauna, wajen watan Yuni. In ka sami inda ya fito da kansa, don Allah kada ka tumɓuke duka. Ka yanko kaɗan daga gefe, ka mayar da taɓon ka danne da ƙafa. Kowane gutsure ya kasance da ido biyu ko uku. Ka naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar, domin in suka sha rana sun tashi aiki.

Wurin da yake so shi ne inda ƙafarka ke nutsewa amma ruwa bai wuce idon sawu ba, kuma rana na bugawa sosai. Zurfin yatsa ɗaya ya isa, tazara kamar taƙi biyu. Ba na sa masa taki, laka ta wadatar. Shekarar farko na yi kuskure, na dasa can ƙasa inda ruwa ke gudu, ambaliyar Agusta ta tafi da fiye da rabi. Yanzu sama kaɗan nake sawa, shi da kansa yake rarrafawa ya gangara.

Da rani, in ana ba tumatir ruwa, sai in karkato masa ɗan lambatu. Na kuma kewaye shi da ƙaya saboda kofaton shanu, kuma ba na bari a sa wuta kusa.

A damina ta biyu saiwoyin suka sarƙe kamar tabarma, gaɓar ta daina faɗuwa. Jan ruwan da ke gangarowa daga gonaki yakan rage gudu a cikinsa, ya ajiye laka maimakon ya kai ta kogi. Kwaɗi sun dawo, ƙananan kifaye na laɓewa a gindinsa, balbela kuma ba ta rabuwa da wurin da safe.

Sai ya shekara nake tono, shi ma layi ɗaya, in bar na bakin ruwa. A wanke, a shanya a inuwa. Bara uwargida ta sami kwano guda, ta haɗa turarenta, ta aika wa yayarta da ke Tudun Wada da sauran.