Yadda Ake Muƙabala da Mai Musun Samuwar Allah

A Sakkwato, inda yaro ke koyon wajibi da mustahili da ja'izi, wato abin da ya wajaba da wanda ya koru da wanda ya halatta a haƙƙin Allah, a makarantar zaure tun kafin gemu ya fito masa, abin kunya ne ɗalibi ya haɗu da mai musun samuwar Allah ya rasa abin faɗi sai zagi. Tsofaffin malamai sun san irin waɗannan mutane da sunan Dahriyya, masu cewa zamani kaɗai ke halaka mu, kuma maganarsu tana nan a aya ta 24 ta Suratul Jasiya.

Abu na farko shi ne ka raba tambayoyi biyu da mutane ke cakuɗawa. Ɗaya ita ce ko hankali ya yarda da ilhadi, wato musun samuwar Allah, ɗayar kuma ita ce ko mulhidi, mai wannan ra'ayi, mutumin banza ne. Wanda ya ce maka bai ga hujja ba, ka mayar masa da cewa yana son shan giya ne kawai, ba ka amsa masa komai ba, kuma duk mai sauraro ya gane haka.

Kafin ka kawo hujja, tambaye shi abin da ya kai shi nan. Na taɓa zama da wani ɗalibin jami'a a teburin mai shayi bayan isha'i, na yi ta jero masa dalilai har shayinsa ya huce bai ko kurɓa ba, sai can ya ce da ni, "Malam, ƙanwata ta rasu wajen haihuwa tana da shekara goma sha bakwai." Ashe duk abin da na faɗa ya bi iska ne, domin damuwarsa ita ce yadda Mai rahama zai bar irin wannan wahala ta auku. Wannan ita ce hujja mafi nauyi a hannun masu ilhadi, kuma wanda ya raina ta bai san ciwon rashi ba. A irin wannan wuri ta'aziyya ke fara zuwa, bayani a kan jarrabawa da iyakar sanin ɗan Adam ya biyo baya a wani zaman.

Idan kuwa maganar ta hankali ce zalla, riƙe hujja guda wadda ka fahimta sosai. Wadda Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya yi fice da ita ta isa: duk abin da yake da mafari yana da wanda ya samar da shi, duniya kuma tana da mafari. Zai tambaye ka wa ya halicci Allah, sai ka nuna masa cewa ƙa'idar ta shafi fararre ne, wanda da babu shi sannan ya samu. Masana sararin samaniya sun ƙiyasta cewa sararin ya fara samuwa ne kimanin shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, amma kada ka jingina da kimiyyar da ba ka karanta ba.

Game da ɗabi'a, yi adalci ko da ya yi maka ɗaci. Akwai mulhidi mai riƙon amana, akwai kuma mai sahun gaba da ke tauye mudu a kasuwa. Hukuncin aƙidarsa a Musulunci sananne ne, ba sai ka ƙaga masa laifin da bai yi ba. Tambaye shi a kan me ya kafa cewa zalunci mugun abu ne ko da babu mai gani. Zai ambaci tausayi da maslahar jama'a, sai ku bi wannan a hankali.

Aya ta 125 ta Suratun Nahli ta umarce mu da yin jayayya ta hanya mafi kyau. Saboda haka kada ka tara masa jama'a, kada ka naɗi muryarsa ka watsa a Facebook, domin hakan na iya jawo asarar rai. Idan ya kawo abin da ya fi ƙarfinka, ce masa za ka tambayi malaminka, ku sa ranar da za ku sake zama ku biyu.