Masu kol rum da manyan eyasi a Kano, ga yadda za ku lallaɓa injinku kafin R22 ya ƙare

Toh jama'a, tunda zafi ya fara shigowa kusan kullum sai an kira ni akan magana ɗaya, wai gas ɗin R22, wanda ke sa injin sanyi ya yi sanyi, yayi tsada kuma ance za'a hana shi, ya za'ayi da kol rum ɗin kifi da kaji da injin ƙanƙara. Bara in faɗa sau ɗaya kowa yaji.

Maganar gaskiya ce, ba jita-jita ba. R22 yana cin rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana, shi yasa ƙasashen duniya harda Najeriya suka amince a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 a janye shi a hankali. Ga ƙasashe irin tamu an tsayar da adadin da ake ƙerawa da shigowa da shi a 2013, aka rage kashi 10 cikin ɗari a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025, a 2030 kuma shikenan, sai ɗan kashi 2.5 da aka bari don gyaran tsofaffin injina zuwa 2040. Tsofaffin ma'aikata sun tuna yadda tsohon gas ɗin R12 ya ɓace bayan 2010, haka wannan ma zai tafi. Abin da ake ragewa shine ƙera shi da shigo da shi, injinka na nan a hannunka, kawai dai kullum gas ɗin zai ƙara wuya da tsada, kuma jabu zai ƙara cika kasuwa.

Fara da zuwa jikin injin ka karanta ɗan ƙarfen nan da aka liƙa, zakaga sunan gas da kilo nawa yake ci. Sayi littafi ɗaya ka rubuta, duk ranar da aka ƙara gas a rubuta kwanan wata da kilo nawa da wanda ya zuba. Kuma da sikeli ake zubawa dan Allah, ba taɓa bututu da hannu ana cewa "ya ɗauka" ba.

Yanzu inda kuɗinku ke zubewa, wato yoyo. Gas ba man jannareta bane da yake ƙonewa, zagaye yake a cikin bututu, in kaga ya ragu to akwai inda yake fita, ba wani bayani. Amma sai kaga Alhaji duk wata biyu ana zuwa ana mishi ƙari yana biya yana godiya, shekara guda kuɗin da ya kashe ya isa a canza bututun gaba ɗaya har da canji. In mai gyara yazo ka ce masa sai ya nemo yoyon kafin ya buɗe tukunyar gas. Ya duba duk inda yaga danshin mai da ƙura ta manne, galibi nan ne, ya bi bakin goro, wato inda aka ɗaure bututu da noti, da wuraren walda da kumfar sabulu, in bai gani ba ya cusa naitirojin ya bar geji a kai ya ga ko zai sauka. Naitirojin nace, kar wanda ya kuskura yayi gwajin nan da oksijin ɗin walda, in ya haɗu da mai fashewa yake. Bayan walda a canza filta diraya mai tsotse danshi da datti, a ja bakum sosai, wato a zuƙe iska da danshin cikin bututu da inji, sannan a zuba gas. Wannan busa gas da wasu ke yi wai don korar iska, asara ce kawai kuma danshin na nan ciki.

Sai kwandensa, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje. Ƙurar hunturu ta Kano tana toshe shi tam, sai a shiga Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40, firesha ya hau, kwamfiresa mai tura gas ta riƙa nishi, wuraren haɗi su fara saki. A wanke shi da hunturu ya wuce, a kuma yi masa rumfa in rana na dukansa amma kar a toshe masa iska.

Wajen sayen gas kar arha ta ruɗe ka. Tukunyar R22 koriya ce mai kilo 13.6, amma fenti kowa ma zai iya shafawa. A ɗora a sikeli, sannan a ajiye ta a inuwa ta huce a sa geji, in zafin wurin digiri 30 ne ya kamata kaga wajen 158 psi, in yayi nisa da haka mayar musu da abinsu.

Kuma kar a haɗa gas biyu a inji ɗaya, ko me za'a ce maka. Na taɓa zuwa wani kol rum a wajen Sabon Gari ana tsaka da azumi, wani yaro ya rasa R22 ya ɗura R410A a kai, shi kuwa wannan fireshansa ya fi na R22 da sama da rabi, kwamfiresa ta ƙone, katan-katan na kifi aka riƙa fitarwa ana neman wanda zai saya a kowane farashi. Har yau in na tuna fuskar maigidan sai inji ba daɗi.

In injin na da sauran ƙarfi ana iya juya shi. A eyasi R407C ne ya fi kusa da R22, amma sai an kwashe tsohon gas a tukunya daban, an zubar da tsohon man kwamfiresa an sa wani iri da ake kira man POE don R22 da man minaral yake aiki, an canza robobi da diraya, kuma a ruwansa ake ɗura shi ba a iska ba saboda haɗi ne na gas uku. A liƙa takarda a jikin injin a rubuta sabon gas ɗin don mai zuwa bayanka. Wanda aka kwasa kuma in mai tsafta ne kar a sake shi a iska, zai yi wa sauran injinanka amfani.

In kuwa kwamfiresa ta tsufa tana shan wuta, ni dai shawarata a fara tara kuɗin sabo, kuma a yi canjin lokacin sanyi, Disamba ko Janairu da kaya ba sa saurin lalacewa. Sai dai a sani R404A da R410A da suka cika kasuwa su ma layi suke, gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016 ya sa za'a rage su, namu ragin farko a 2029 ne. Sababbin eyasi sun koma R32, firizojin shago kuma R290, shi wannan furofen ne ɗan'uwan gas ɗin girki, yana kama wuta, don haka a injin da aka ƙera dominsa kaɗai ake sa shi, kuma kafin a kunna wutar walda sai an tabbatar babu sauransa a bututu.