Darasi na 7: Idan Mota Ta Ɗau Zafi

A Kano, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. Lokacin ne ake ganin tsofaffin motoci a gefen titin Katsina ko cikin cunkoson Kurna, bonet a buɗe, tururi na tashi. Nan take mai mota zai ce lagireto, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, ya mutu, ya nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Ɗan'uwa, kada ka fitar da kuɗinka sai ka gano inda ciwon yake.

A gaban direba akwai agogo mai haruffa biyu, C da H. C sanyi ne, H zafi. Lafiyayyen inji yana aiki a wajen digiri 90, allura tana tsakiya. In ta doshi H, ka sauka gefe ka kashe mota. Kada ka taɓa murfin lagireto! Ruwan ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, yana iya saɓule maka fatar hannu da fuska. Ka jira aƙalla minti 30, sannan ka ɗora tsumma mai kauri, ka murɗa a hankali.

Yanzu sai bincike, kuma daga mai araha ake farawa. Ruwa ya ragu? Duba ƙasa ko yana ɗiga, ka matsa tiyo na sama da na ƙasa ko sun tsage. Duba robar murfi, don murfin da ya saki shi kaɗai yana sa mota zafi. Fambel, wato bel ɗin fanka, ya yi sako-sako? Fanka tana juyawa? Motar da ke zafi a cunkoso, amma ta huce in ta samu hanya, galibi fankarta ce. Ƙurar hunturu ma takan toshe idanun lagireto, wanki kawai yake so.

Akwai alamar da ba a wasa da ita. Zaro sandar awon baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi na ta fita daga salansa, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Ko sabon lagireto ka ɗaura, ba zai yi magani ba. Wannan aikin bakanike ne.

Lagireto yana bukatar canji idan ya fashe, ko tsatsa ta cinye shi, ko ya toshe ta ciki. Toshewar nan sau da yawa mu ke jawo ta, da ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa, masu barin datti mai daskarewa a cikin siraran bututunsa. Yana ba ni takaici in ga mutum ya kashe dubbai a kan inji, yana ƙyashin sayen ruwan kulan, wato ruwan musamman na sanyaya inji.

Ranar canza lagireto, inji ya kwana a sanyaye. Cire wayar batir mai alamar ragewa. Tara roba a ƙasa, ka tsiyaye ruwan, ka kawar da shi daga yara da awaki, domin guba ne mai zaƙi. Kwance tiyo biyun da wayar fanka. In motar otomatik ce, akwai ƙananan bututun man giya biyu, a toshe bakinsu. Sai ka sa sifana ka kwance notuka, ka ɗago lagireton.

Tafi da tsohon lagireton zuwa kasuwa, ka jera shi da wanda za ka saya, bakin tiyo ya zo daidai. In na gwanjo ne, a gwada shi da ruwa a gabanka.

Bayan ka ɗaura, ka cika shi da kulan, ka tayar da mota murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita. Ƙara ruwa, rufe, ka jira fanka ta tashi. Washegari da safe, kafin ka kunna, sake duba ruwan.

Aikin gida: rubuta abubuwa 3 da za ka duba kafin ka sayi lagireto.